An Hana Gaisuwa a Wurin Aiki

Mu uku ne muke saya wa wani kamfani na Accra ƙwarar kaɗanya: ni a Salaga, wata Hajiya a Yendi, sai dattijonmu na Bawku da muke kira Baaba. Ofishinmu waya ce. Shugabarmu, Madam, fuskarta kawai muka sani, ita ma idan sabis ya ga dama.

Kowace safiya Baaba ne ke buɗe guruf ɗinmu da murya. Sai ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafar Hajiya da ke ciwo, har akuyata da ta haihu sai ya ji lafiyarta. Ta haka muka san juna, alhali ko shayi ba mu taɓa sha tare ba.

Sai Madam ta je wani kwas, ta dawo da ilimi mai yawa. Ashe duk jinkirin kamfani gaisuwar Baaba ce ta jawo shi. Hanyar Bolga da ke cinye tayoyin mota ba ta da laifi ko kaɗan. Aka kawo sabuwar manhaja wadda ta raba magana ɗaki-ɗaki: saye, awo, lodi. Aka hana saƙon murya. Wanda ya yi abin kirki a tura masa hoton babban yatsa, wai ya isa. Wanda ya yi gaisuwa kuma, manhajar da kanta take rubuta masa gargaɗi, cikin ladabi sosai.

Baaba ya sha gargaɗi har Madam ta ce saura ɗaya ya bar aikin. Dattijo da iyali, sai ya koyi shiru. Ya koya da kyau, har aka yabe shi a taro, aka ce mu yi koyi da shi. Ni dai haushi ya ishe ni, amma aiki na tafiya, ɗigon kowa a manhajar kore ne, alamar komai daidai.

Ran nan a tasha na haɗu da wani direban motar shanu da ya taso daga Bawku.

“Kai ba ka ji ba? Matan Baaba ya rasu fa. Sadakan bakwai ma an yi.”

Na koma gefe na kira Baaba, na yi masa ta’aziyyar matarsa. Sannan na ce, “Haba Baaba! Me ya sa ba ka faɗa mana ba? Da ni da Hajiya da ko a bayan babur ne mun zo.”

Sai ya ce:

“Na ɗauki wayar, ɗana. Na duba ɗakunan nan duka, ban ga inda zan sa maganar rasuwa ba.” Ya ja numfashi. “Awon wannan satin dai na tura. Ka duba mini ko ya shiga.”