Kwalabe Uku na Gwaggo Nuhad

Duk layinmu a tsohon garin Saida an san dokar Gwaggo Nuhad, yayar babana: hummus ba ya kwana. Shekara arba'in ke nan tana jiƙa wakensa tun da daddare, ta dafa shi har ya yi luguf, sannan ta zauna ta ɓare ƙwaya-ƙwaya, don a wurinta ɓawo ɗaya a cikin hummus abin kunya ne. A turmi take daka shi da markaɗen riɗi, da lemun tsami da tafarnuwa, a ci da gurasa tun da ɗuminsa. Abin da ya rage ta zuba a faranti ta miƙa wa maƙwabta. Ina ƙaunar matar nan har raina, amma taurin kai kam Allah Ya ba ta.

Lamis, matar ɗanta Ziyad, ita ta fi shan baƙar magana, don a inji take markaɗa nata, ta ajiye a firji.

"Lamis, wannan na yaushe ne?"

"Na shekaranjiya ne, Mama."

"Allah Ya jiƙansa," in ji Gwaggo, ta ture farantin.

Ana nan sai mijinta, Abu Ziyad, ya samu shanyewar ɓarin jiki, haɗiya ta zame masa aiki. Ba abin da ke wuce masa wuya sai hummus ɗin matarsa, saboda laushinsa. Sau ɗaya aka gwada shi da na Lamis, ya datse baki ya juya wa bango fuska.

Ita kuma Gwaggo yanar ido ta rufe mata gani, har da laluben yatsa take gane ɓawo. Sau biyu tana ɗage aikin da za a yi mata a Beirut. A karo na uku likita ya ce in ta ƙara za ta rasa idon, kuma kwana uku za ta yi a can. Tsohon da ya zama ƙashi da fata ba zai kai kwana uku ba ci ba, ita ma ta sani.

Ina wajen ranar da ta hau bene ta tsaya a ƙofar madafin Lamis, tana murza bakin mayafinta.

"'Yata, koya mini yadda kuke ajiye abin nan."

Da ni ce, wallahi sai na rama. Lamis ko murmushi ba ta yi ba. Ta tafasa ƙananan kwalabe uku, kowace rana da tata, don kada a yi ta tsoma cokali a wuri ɗaya. Ta ce a bar tafarnuwa, ƙarfi take ƙarawa in ta kwana. Gwaggo ta ɓare, ta daka, ta jira ya huce, ta ɗura, ta shafe saman da bayan cokali. Lamis ta kwarara man zaitun har ya rufe shi ruf, iska ba ta da ta inda za ta shiga.

Ni na raka ta Beirut. Kullum Lamis ta bugo waya ta ce ya ci, kullum Gwaggo ta ce, "Don kar hankalina ya tashi take faɗa."

Da muka dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi firji, ido ɗaya a naɗe. Kwalba ɗaya ta tarar, da ragowar cokali guda a gindinta. Sauran biyun suna kife a wanke.

Daga ɗaki Abu Ziyad ya kira ta da harshensa mai nauyi. Ta shiga da kwalbar a hannu.

"Naki ne, na rage miki," ya ce. "Ɗanɗana mu gani. Shekara arba'in kina yi mana ƙarya, Umm Ziyad. Ashe yana kwana."

Ta zauna a bakin gado ta kai cokalin baki, ta daɗe tana juya shi a harshe. Hawaye ya gangaro daga idon da ba a naɗe ba.

"Bai kai mai ɗumi ba," ta ce, ta kama hannunsa mai lafiyar. "Amma tunda ya riƙe mini kai, na yafe masa."