Na sayar da gida, bizar ba ta samu ba

Jiya na bi ta tsohon gidana a Dutsen Kura, na tarar ana sare mangwaron da marigayiya matata ta shuka.

Na sayar da gidan ne don in koma wurin 'yata a ƙasar waje. Bizar 'yan fansho sai ka ajiye kuɗi masu kauri a banki, su yi watanni ba ka taɓa ba. Kafin lokacin ya cika darajar naira ta faɗi, kuɗin suka gaza adadin da ake buƙata.

Wanda ya sayi gidan ya ce, "Baba, ashe ba ka tafi ba?"

Na ce, "Ina hanya."

Ya ciko leda da mangwaro, wai in kai wa jikoki tsaraba.

Ga ledar nan a ɗakin haya, na kasa sha. Jama'a, da ku ne, za ku karɓa?