Gaggafar da ke Bayan Falmaran Ɗina

Jama'a, yau saura ƙiris in kwana a hannun hukuma!

Falmaran ɗin gwanjo da na saya a kasuwar Suk al-Shabi, ashe tambarin ƙungiyar 'yan sanda masu babura ne a bayanta, mai zanen gaggafa da sikeli cikin baƙin zobe. Ina sauka mota a unguwar Alsawra, wani ƙaton ɗan sanda kan babur ya tare ni: "Ya ustaz, namu ne ko sojan gona? Fassara min tambarin!"

Amma malami ba ya rasa amsa. Nan take na ƙago: "Gaggafa sa ido, sikeli adalci, baƙin zobe 'yan'uwanmu da suka rasu."

Sai ya rungume ni! "Wallai kwayyis, ya yi kyau! Ranar Juma'a kai za ka ja ayarin baburanmu."

Ni da ko keke ban iya ba!