Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

A shekara ta huɗu da aurena al'adata ta yi jinkirin kwana goma sha biyu, sannan jini ya zo. Inna, uwar mijina, ta ce, "Kada ki damu, 'yar nan, cikin kwanciya ya yi. Zai tashi." Ta shiga dafa mini saiwoyi, kullum kofi ɗaya kafin karin kumallo. Wata bakwai ina sha.

Da kaka mijina ya kai ni asibiti a Funtua. Likitar ta duba hoto, ta ce babu komai a ciki. Ta ce, "Malama, ɗan tayi in ya iso sai ya yi sallama, mahaifa ta amsa, ta yi masa shimfiɗa. Wani lokaci ba sa jin juna, sai ya wuce."

Na ce to. Ban yi kuka ba. A hanyar komawa Maska, masarar da aka shanya a bakin titi kawai nake kallo.

Washegari Inna ta miƙo kofin, na shanye. Ban gaya mata ba cewa wanda take ƙoƙarin tayarwa ko wurin kwanciya bai samu ba.