Ranar da Tela Ya Yanke Gaisuwa

Na daɗe a wannan aiki, amma ban taɓa mantawa da Talatar da waya ta yi wa Baffana rashin kunya ba, kuma da muryata ta yi. Ku da kuka zo jiya-jiya kuna ganin kamar Tela da hankalinsa aka haife shi. To ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikinmu ba, manhaja muke yi wa manoma. Daga ofis a Kano mukan aika ɗan gajeren saƙo, manhajar da ke cikin wayar manomi ta mayar da shi magana, ta ce masa lokacin shuka ya yi, ko na taki, ko na feshi. Muryata aka naɗa, domin shugaban sashenmu, Injiniya Bukar, duk da a Kano ya yi furfura, har yau in ya buɗe baki sai ka ji ƙamshin Borno.

Ita manhaja ba a rubuta ta dunƙule ɗaya. Guntu-guntu ake yi: wannan na karɓar saƙo, wannan na duba agogo, wancan na magana. Akwai wani shiri daban wanda aikinsa ɗinke guntayen nan su zama riga ɗaya daidai jikin waya. Masana suna ce masa linka, mu kuwa Tela muke ce masa. A lokacin ina mataimakin injiniya, kuma Tela a hannuna yake.

Da farko kwamfutar ofis kaɗai ya san awonta. Daga baya na koya masa manyan wayoyi na shafawa. Sai aka lura manoman namu ƙananan wayoyi masu tocila suke riƙewa, irin waɗanda samari suka raɗa wa wani suna da ba zan faɗa a gaban mata ba. Su kuma iri-iri ne, kowacce da halinta, kuma duk cikinsu bai kai na sauro ba. Manhajar ta ƙi shiga, ƙememe.

A watan Agusta na shekarar da abin ya faru sai dabara ta faɗo mini. Na ba Tela almakashi. Na ce masa duk guntun da ya ga babu mai kiransa da suna, ya datse ya yar. Wallahi ranar har taku na canza. Manhaja ta rame ta shige ƙaramar waya sumul, Injiniya ya dafa kafaɗata a gaban kowa.

Abin da na manta shi ne gaisuwa. Ba a kiran gaisuwa da suna. Manhajar sai ta duba agogo tukuna, sannan ta ɗauko ta safe, ko ta rana, ko ta yamma. Tela ya duba bai ga mai kiranta kai tsaye ba, ya ɗauka ƙyalle ne, ya sa almakashi. Mun gwada a ofis fiye da sau ashirin, ba wanda ya ji wani abu ya ɓace. Ina za mu ji? Mu da muke gaisawa da ɗaga gira.

Aka kai sabuwar manhaja ƙauyuka, har da namu da ke gefen Makoɗa, inda yayan mahaifina, Baffa Ɗanlami, yake shugaban ƙungiyar manoma. A watan Satumba wake ya yi fure, tsutsa ta fara shiga. Ranar Talata muka aika saƙo. Baffa na zaune a gindin dalbejiya bayan azahar, dattawa sun kewaye shi, sai aljihunsa ya buɗe baki da muryata, babu sallama, babu barka da rana:

"Ka yi feshi kafin Juma'a!"

Malamin gona na yankin ne ya kira ni da la'asar, yana magana yana haɗiye dariya. Ya ce Baffa ya ɗaga wayar da yatsa biyu, ya je ya jefa ta cikin rumbu, ya ce ta zauna can har ta koyi tarbiyya. Ya kuma ce shi ba ya karɓar umarni daga wanda bai san ya shigo gidan mutane ba. Sauran manoma suka ce ai tunda shugaba bai yi feshi ba, su wa? Ni ban yi dariya ba, gabana ne ya faɗi. Tsutsar wake ba ta jiran sulhu. In ta shige cikin kwanso, magani ba ya cimma ta, kuma waken ƙauyen nan kaf yana rataye a kan kwana uku.

Laraba da safe na gano aika-aikar Tela. Na mayar da gaisuwa, sai manhaja ta sake ƙin shiga waya. Dole a fitar da wani abu. Na jera guntayen nan bisa girmansu, na duba na sama, na ce inna lillahi. Jawabin Injiniya ne. Wani jawabi ne da ya naɗa da kansa, wanda waya ke sakewa bayan kowane saƙo, yana yaba wa manoma, yana yaba wa sashenmu, yana ɗan yaba wa kansa. Na shiga ofishinsa ina sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, wayar ba ta ɗaukar gaisuwa da jawabi tare."

"To a rage gaisuwar mana. Sallama kaɗai ta isa."

"Ranka ya daɗe, a garinmu sallama buɗe ƙofa ce kawai. Akwai kwana, akwai gajiya, akwai iyali, akwai ruwa."

"Sadisu, ka san sau nawa na maimaita jawabin nan kafin ya fito haka? Har zuma na sha."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma tsutsa ba ta jin jawabi."

Ya daɗe yana kallon silin kamar wanda aka yi wa rasuwa. Can ya ce, "Cire. Amma ka ajiye mini shi a kwamfuta, wata rana za a neme shi." Har yau dai ba a nema ba.

A ranar na ƙara wa Tela wani sabon ilimi, wato jerin abubuwan da ko babu mai kiransu ba ya taɓa su. Wannan jerin da kuke gani yau mai tsawo, da layi ɗaya ya fara.

Alhamis da sassafe na hau mota, na sauka na hau acaɓa. Na tarar da Baffa a gindin dalbejiyarsa. Na durƙusa na gaishe shi tsaf, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya amsa yana kallon gefe. Na ce, "Baffa, maganar feshin nan..."

"Kai ne kake magana, ko wayar?"

"Ni ne, Baffa."

"Ai ban gane ba ne. Kwanan nan muryoyin sun cakuɗe mini."

Dattawa suka tuntsire. Ya nuna mini rumbu da haɓa. Haka na tuɓe takalmi na haye da wandon ofis, na zura rabin jikina ciki ina lalube a cikin ragowar dawar bara, ƙaiƙayi na cin wuyana, wata kaza na ta zagina daga ƙasa. Na fito da waya fari fat kamar an tono ni. Na jona ta da kwamfutata, na zuba mata sabon ɗinki. Baffa ya ce in durƙusa da ita, tunda ita ba ta da gwiwa. Na durƙusa na latsa.

"Assalamu alaikum. Ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau," in ji Baffa, fuskar nan a murtuke.

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa?"

Ya bi su ɗaya-ɗaya yana amsawa. Sannan ya sunkuya ya ce mata, "Ya aiki?" Waya ta yi tsit, sai ta ci gaba da maganar feshi. Ya girgiza kai ya ce, "Da sauranta. Amma an samu ci gaba. Kowa ya ɗauko injinsa."

Kafin azahar feshi ya kankama ko'ina. Na bi Baffa gonarsa ta gangare, muka tarar tsutsa ta riga ta huda wasu kwansuna a gefen kwari. Sauran sun tsira. Ina ta ba shi haƙuri, ina yi masa bayanin Tela da almakashi, shi kuma yana ta juya wani hudajjen kwanso a tafin hannu. Can ya katse ni.

"Bar zancen telan nan. Ka san me ya sa na yarda aka sa mini abin nan a waya tun farko? Ni da na yi shekara hamsin ina noman wake, waya ce za ta gaya mini lokacin feshi? Muryarka ce. Muryar ubanka ce sak. Tunda muka binne shi babu mai ce mini ina kwana da wannan muryar, kai kuma sai sallah-sallah. Ranar nan na ji ya zo, ya wuce bai gaishe ni ba."

Na tsaya a cikin waken nan da ƙaiƙayi a wuya, idona ya cika taf, kunya ta rufe ni.

Shi ya sa nake gaya muku, kafin ku bar Tela ya yanke wani abu don kun ga babu mai kiransa, ku tashi daga kujera ku je ku tambayi mai wayar. Ni dai tun daga ranar, kowace safiya kafin in kunna kwamfuta nakan kira Baffa da bakina, kuma in ya ce ya aiki, akwai mai amsa masa.