Goggo A'i Mai Wankan Jego

A wancan zamani, in mace ta haihu a Dawaki, kafin a gama share ɗaki an aika kiran Goggo A'i. Ba ungozoma ba ce, wankan jego ta sani, kuma a nan ta yi suna. Doguwa ce siririya, hannayenta duk tabon wuta. Rabin duro take ɗorawa a murhu, sai ruwa ya tafasa yana tsalle ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa wa mai jego. Ni ma ta hannunta na bi a haihuwata ta fari, har yau in na ji ƙanshin dafaffen darbejiya sai tsikar jikina ta tashi. In kika yi ihu ta ce, "Rufe mana baki, lokacin da kike neman abin ai ba ki kira ni ba." Bayan wanka ga kunun kanwa cike da ƙwarya, kanwar har ɗaci take, ki shanye tana tsaye a kanki. Abin da muka taso muka tarar shi ne jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta. Goggo kuwa alfaharinta ke nan, ba macen da ta bi ta hannunta sanyi ya kama.

Shekarar Udoji, da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, 'yarta Fanta ta dawo gida haihuwa. Fanta ce 'yar fari, don haka Goggo ko sunanta ba ta kamawa, "waccan" take ce mata, ba ta kuma tsayawa ta dube ta da kyau a gaban mutane. Mijin Fanta, Hudu, akawu ne. Ƙarin albashi ya shigo, ya sayi babur, ya aiko wa surukarsa kaya har da wani jan fulas mai furanni.

Da wata ce, da ta bar wa ƙanwarta wankan 'yar fari. Amma da Fanta ta sauka, ta sami 'ya mace, Goggo ba ta yarda da hannun kowa ba. Kuma don kar a ce ta sassauta wa tata, sai ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Ƙafafun Fanta suka cika, fuska ta yi suntum. Matan unguwa suna ta barka, wai jego ya karɓe ta. Sai ga shi kwanciya ta gagare ta, a zaune take barci, tana haki kamar wadda ta ɗauko ruwa daga nesa. Hudu ya zo ya gani, bai nemi shawarar kowa ba ya kira motar haya.

A asibiti aka tarar da wasu likitoci sun zo bincike, suna son gano abin da ke sa masu jego da yawa zuwa da kumburarriyar zuciya. Wata nas, Sista Hilda, 'yar Tangale mai Hausa tsaf, ita ke yi musu tafinta, tana bin mata gado gado tana tambayar irin wankan da suka yi da abin da suka sha. Ita ce ta ja Goggo gefe.

"Goggo, zuciyarta ta gaji. Likitoci suna zargin kanwa na tara ruwa a jiki, zafin wanka kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Don Allah a bar wankan, a bar kunun, sai abin da muka ba ta."

Goggo ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yara.

Magani ya yi aiki, kumburi ya saɓe, Fanta ta fara kwanciya kamar kowa. Amma unguwa ba ta yi shiru ba. A wani gidan suna wata ta ce, yadda Goggo za ta ji, "Ikon Allah, 'yar mai wanka ce ba ta cika arba'in ba." Maganar ta zauna mata. Ba zan zalunce ta ba, ba bakin mutane kaɗai ta ji tsoro ba. Har zuciyarta ta yarda cewa 'yarta na can kwance da ɗanyen jiki a kan gadon ƙarfe, fanka na kaɗa mata sanyi. Wanka dai ba ya ɓoyuwa, amma kunu yana shiga fulas.

"Dada, sun ce kar in sha," in ji Fanta.

"Su suka haife ki?"

Fanta ta sha. Washegari ma ta sha, haka aka yi ta yi. Kumburi ya dawo, likita ya rasa gane kan abin, ya sa Hilda ta tambaya ko ana kawo mata wani abu daga gida. Goggo ta sunkuyar da kai ta ce shayi ne. Fanta ta dubi bango, don ba za ta ƙaryata uwarta a gaban baƙi ba.

Wata safiya Fanta tana shayar da jaririya hannunta na dama ya saki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Hilda ta yi mana bayani: in zuciya ta yi rauni jini kan daskare a cikinta, guda ya ɓalle ya je ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa.

Ina wurin, na kai abinci, sa'ad da Hudu ya shigo. Ban taɓa jin muryarsa sama ba sai ran nan. Ya ce likitoci sun mai da matarsa abin gwaji, allurarsu ce ta shanye ta, yanzun nan zai ɗauke ta ya kai ta ƙauye wurin mai magani. Hilda tana roƙonsa, tana cewa in aka raba ta da maganin nan ba za ta kai labari ba. Bai saurare ta ba, ya fara naɗe tabarma.

Tsakanin Goggo da surukinta gaisuwa ce kawai, ita ma daga bayan labule. Ran nan ta miƙe ta tsaya a gabansa, gyalenta ya zame ba ta gyara ba, ta miƙa wa Hilda fulas ɗin.

"Buɗe ki shinshina, 'yata. Ba shayi ba ne. Kunun kanwa ne, ni nake kawowa kullum. Da kika tambaye ni ƙarya na yi miki." Ta juya wajen Hudu, idonta a ƙasa. "Ka bar ta a nan. Ba su ba ne."

Matan ɗakin suka kau da kai don su rage mata kunya. Hilda ta ce a hankali, "Goggo, ba wanda zai rantse kunun ne ya jawo wannan." Goggo ba ta ɗago ba. Hudu ya ajiye tabarmar, ya fita ya zauna a kan dakali.

Fanta ta rayu. Tana jan ƙafa, maganarta ba ta dawo duka ba, amma ta ga tasowar 'yarta. Goggo ce ke ɗaga Fanta, ita ke ba ta abinci a baki. Wankan jego kuwa ta bari kwata-kwata, in an aiko sai ta ce bayanta ke ciwo. Gidan suna ma ta daina zuwa.

Hudu bai taɓa tayar da maganar ba. Duk Juma'a yana zuwa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya yi mata sannu da ɗawainiya. Wata Juma'a ina ɗakin ya zo ya tafi, sai na ga tsohuwar nan ta haɗa kai da gwiwa, kafaɗunta na rawa. Na ce Goggo lafiya, ai kin yi dacen suruki.

Ta ce, "Ke dai bari. Da ya zage ni ko sau ɗaya ne, da na samu na yi barci."