Ranar Da Inna Ta Kira Ɗan Farinta

Ni mutuniyar Dutsin-Ma ce, na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Mutuwa ba ta ba ni tsoro. Abin da ke ci mini rai shi ne wahalar da wanda ya riga ya kama hanya.

An taɓa kawo mana wani ɗan acaɓa daga Barkiya, mota ta buge shi a hanyar Kurfi. Likitoci suka gama gwaje-gwajensu: ƙwaƙwalwa ta tafi, injin numfashi ne kawai ke ɗaga ƙirjinsa. Kullum in juya shi, in zuƙe masa majina, in nemi jijiya a hannun da ya kumbura suntum. Ina soka allura ina ba shi haƙuri, don wallahi na san ba magani nake yi ba.

Baffansa kuwa maganarsa ɗaya ce: "Sista, a yi duk abin da za a yi. Kada a ce mun gaji da shi."

Uwar tana baranda a kan tabarma, ta ba ƙofarmu baya, ko leƙe ba ta taɓa yi ba. Wata abokiyar aikina, rainon birni, ta taɓe baki ta ce, "Wannan wace irin uwa ce?"

Na ce, "Ke, rufe mana baki! Ɗan fari ne." A wajenmu, balle a gidan Fulani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kunya ce. Ni dai na ga yadda take murza bakin mayafinta duk lokacin da inji ya yi ƙara.

Da zuciyarsa ta fara rauni, na san abin da ke tafe. Tana tsayawa za mu hau ƙirjinsa da danna har haƙarƙari ya karye, uwar tana waje, ba sallama. Na ce wannan karon ban yarda ba.

Na sami likita. "Likita, in zuciyar nan ta tsaya, don wa za mu danna? Don shi ko don kanmu?"

Ya ce, "Ni ma na sani, Sista. Amma sai dangi sun yarda."

Na koma wajen baffan. "Baffa, ba wanda zai cire inji. Roƙona ɗaya ne: in Mai shi ya kira shi, kada mu karya masa ƙashi muna ja." Ya ce, "To, a bar shi ya tafi da ƙashinsa lafiya."

Saura Inna. Na durƙusa na ce ta taso. Ta ce, "A'a, 'yar nan, baffanninsa na nan."

Haba! Na kore su duka, na ce za a gyara majinyaci, su sauka ƙasa. Na ja labule. "Inna, ba kowa. Ni ma yau kurma ce."

Ta shigo tana sanɗa. Ƙafarsa ta fara taɓawa. Sannan ta tallabi fuskarsa, ta kira sunansa, muryar tana karkarwa don baki bai saba ba. Ta sake kira. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne.

Na'urar da ke nuna bugun zuciyarsa ta ɗauki ƙarar nan mai tsawo ta tsayawar zuciya. Hannuwana suka zabura za su kai ƙirjinsa don sabo, na cusa su a aljihu na damƙe.

Inna ta goge ido, ta gyara mayafi, ta koma tabarmarta ta ba ƙofa baya. Da baffan ya hawo, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ku shiga. Yaronku ya cika."